Murhu Mai Gudu

Shekara arba'in da ɗaya ina yawo kan taya biyu.
Sai bara, a danjar bakin gadar Matane,
na sa ƙafar hagu ƙasa, gwiwa ta ce ba da ita ba.
Muka kwanta ni da ƙarfen a hankali,
Ghislaine na bayana, ko ihu ba ta yi ba.
Likita ya ce, Rejean,
ko ka ƙara taya, ko ka rage buri.

Abin da ya kai mu shagon Yanick a Rimouski ke nan,
wata Asabar cikin Afrilu,
ƙanƙara na narkewa, tana bin kwata baƙi ƙirin.
Biyu ya turo mana waje,
kowanne taya biyu gaba, ɗaya baya,
kamar murhun da ya koyi gudu.

Na farkon ja wur, ya yi ƙasa-ƙasa,
kai a sunkuye kamar mai shirin kai cafka.
Ba akwati. Gilashin tare iska bai fi tafin hannu ba.
Kujerar baya kuwa, faifan rufe ƙwarya ya fi ta faɗi.
Na murɗa totur a tsaye, ƙirjina ya amsa,
shekara ashirin suka zube daga kafaɗata
na ji ƙararsu a kan siminti.

Na biyun ruwan toka ne, ƙato, mai faɗin ƙugu,
akwati dama, akwati hagu,
wani a baya da zai ci hular kwano biyu da burodi.
Kujera da majingina, ka danna maɓalli ta yi ɗumi.
Yanick ya ce, wannan zai kai ka Gaspé ya dawo da kai
bayanka bai san ka fita ba.
Na ce a raina, falo ne aka sa wa taya.

Tsakaninsu dala dubu bakwai,
daidai kuɗin rufin garejinmu mai yoyo,
kuma fansho ba ya haihuwa.
Kwana huɗu ina lissafi a bayan takardar kuɗin wuta.
Zuciya na son ja,
ƙugu na roƙon toka,
taura biyu ba ta taunuwa.
Na tuna kwanonin hanyar tsauni, yadda ake shigarsu da wuta.
Na kuma tuna ruwan da ya kama mu a Cap-Chat,
hannayenta cikin aljihuna, suna rawa,
ta yi shiru har gida.
Nan na yanke: toka. Don ita.
Na kwana ina jin kaina mutumin kirki.

Talata muka koma.
Ina sa hannu a takarda na waiga,
ga ta a kan jan, gaba, ba baya ba,
ta riƙe kan babur kamar ta daɗe da saninsa.
Ta zaro wani kati daga jaka.
Lasisi. Hotonta, ba murmushi.
Ashe ranar da ta ce za ta gaida yayarta a Amqui
ba Amqui ta je ba.

Ta ce, shekara arba'in da ɗaya ina kallon ƙeyarka,
na haddace ta fiye da teku.
Yanick ya duƙa yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

An gyara rufin gareji a watan Mayu.

Yanzu ni ke kan faifan.
Ƙuguna na fara ƙorafi tun daga Sainte-Flavie,
tana shiga kwana ba ta tambaye ni ba,
birkinta a makare yake, na faɗa mata sau biyu, na bari.
Amma jiya, da ba ni da hanyar da zan kalla,
na ga kogin nan da ya ƙi nuna ɗaya gaɓarsa,
da fararen dinya sun rufe laka kamar shanyar wanki,
da wani gida shuɗi da na wuce sau ɗari
ban san yana nan ba.

Burodin da muka saya, da yake ba akwati,
cikin rigata yake, da sauran ɗuminsa.
Ta ɗaga murya ta cikin iska, ka riƙe sosai.
Ban san ko ni take nufi ko burodin ba.
Na riƙe duka biyun.